Yadda nake tantance sabuwar kwastoma kafin in shiga gidanta

Sana'ata ƙunshi ce da gyaran jikin amare, kuma mafi yawan aikina ba a ɗakina nake yin sa ba, ni ce nake ɗaukar kayana in bi amarya har gidansu. A lokacin da na koyi aikin a hannun gwaggona a Gwammaja, ba a taɓa zama an yi maganar bincikar mai kira ba, domin babu wadda take aikowa a kira mai lalle sai wadda aka san uwarta ko aka san gidan da take aure, kuma 'yar aiken ma yarinya ce da aka saba gani a layi. Yanzu kuwa hoton hannun da na zana ne yake yawo a Instagram da TikTok da lambar wayata a ƙarƙashinsa, saboda haka wadda ba ta taɓa ganina ba, ni ma ban taɓa jin sunan gidansu ba, tana iya rubuto mini da daddare ta ce in zo Mariri ko Panshekara ranar Laraba. Kasuwa ta buɗe, kuma ina yi wa Allah godiya a kan haka, amma buɗewar ta ɗora mini aikin da gwaggona ba ta taɓa yi ba, wato in san wace ce take kirana kafin in sa ƙafa a soron gidan da ban sani ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan bincike da nauyi shi ne irin tarkon da ake ɗana wa mata masu neman na kansu. A shekarar 2012 an yaudari wata matashiya mai sayar da tufafi a jihar Nasarawa ta hanyar Facebook, aka jawo ta Legas da sunan harkar kaya, aka kashe ta a wani otal a Festac. A 2021 kuma wata da ta gama jami'a tana neman aiki a Akwa Ibom ta amsa gayyatar ganawar ɗaukar ma'aikata a wajen garin Uyo, ba ta dawo ba, kuma ƙawarta da ta san cewa ganawar ta tafi ita ce ta fara ɗaga murya a intanet har aka kama wanda ya kira ta. Dukkansu biyun da maganar neman abinci aka kira su, irin maganar da ni ma ake kirana da ita kowane mako. A nan Kano ma, inda ƙwacen waya ya zama abin da kowa yake kuka da shi, mace mai ɗauke da babbar waya da kuɗin aiki a jaka, wadda ta shiga lungun da ba ta sani ba bisa kwatancen wanda ba ta sani ba, ta sauƙaƙa wa mugu rabin aikinsa.

Buƙatar da zan ba da labarinta ta zo ne ta WhatsApp daga lambar da ba ni da ita. Mai rubutun ta ce ita yayar amarya ce, tana son a yi wa ƙanwarta dilka da halawa da turaren jiki a kwanakin da suka gabaci biki, sannan a yi mata ƙunshi ja da baƙi ita da ƙawayenta kafin ranar kamu. Gidan yana cikin sabbin unguwannin da ke bayan Danbare, a hanyar Gwarzo, can wajen sabuwar jami'ar Bayero. Duk mai yawon aiki a Kano ta san bambancin irin waɗannan wurare da cikin gari. A Yakasai ko Mandawari ko Zango, idan aka ambaci gida, da wuya a rasa wanda zai ce ya san kakan masu shi. A sabon wuri kuwa katanga doguwa ce, tsakanin gida da gida akwai kango ko fili, layukan ba su da suna, kuma maƙwabci yana iya shekara bai san sunan wanda ke jikin katangarsa ba. Aikin yana da tsoka, kuma ina son sa, shi ya sa na bi shi a hankali.

Na fara da tambayoyin da aikin kansa yake bukata: ranar ɗaurin aure, ranar kamu, mutum nawa za a yi wa ƙunshi, wane irin zane amarya take so, da ko ta taɓa yin dilka a baya. Waɗannan tambayoyi suna yi mini aiki biyu, domin amsoshinsu suna nuna mini ko da gaske akwai biki. Wadda take da amarya a gida tana da damuwoyin da mai ƙarya ba ya tunawa da su. Za ta tambaya ko baƙin zai kai ranar yini bai goge ba, za ta ce ƙanwarta ba ta son zane mai cika hannu, za ta koka da tsadar komai, kuma lallai za ta nemi ragi. A wurina, wanda ya amince da farashi nan take ba tare da ciniki ba, yana gaggawar a tsayar da lokaci, ya fi wanda ya yi ta jayayya a kan kuɗi ban tsoro. Haka kuma wanda ya bar hoton aiki ya koma neman hotona, ko ya tambaya ko ni kaɗai zan zo, a nan maganarmu take tsayawa. Wannan baiwar Allah ta yi ciniki sosai, har ta ce in cire kuɗin mota tunda su ma nauyi ya yi musu yawa, kuma hakan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Daga nan na yi mata tambayar da ba na tsallake ta ga kowa. Na rubuta mata cewa, “Anti, don Allah wa ya ba ki lambata?” Ta ce a Instagram ta fara ganin aikina, amma wata abokiyar aikinta da na yi wa ƙunshin aure a Hotoro ita ce ta ƙarfafa mata gwiwa. Na nemi sunan abokiyar aikin, na duba littafin da nake rubuta duk gidan da na shiga, na same ta a ciki, na kira ta. Bayan mun gaisa na tambaye ta gida da maigida, sai na ambaci sunan da aka ba ni. Ta ce ta san ta, ofishinsu ɗaya, kuma ta ji ana maganar bikin ƙanwarta, amma ba ta taɓa zuwa gidan iyayenta ba. Na karanta mata lambar da aka rubuto mini da ita, ta duba wayarta ta ce ita ce. Wannan shaida ta tabbatar mini da mutum da lambarta, amma ba ta tabbatar mini da gidan ba, kuma gidan ne zan shiga.

Na sa lambar a Truecaller, sunan da ya fito ya yi daidai da wanda ta faɗa mini, har da laƙabin wurin aikinta. Ina amfani da wannan manhaja, amma ba na dogara da ita, saboda sunayen da take nunawa tana tattaro su ne daga yadda mutane suka adana lambar a wayoyinsu, kuma mai lambar yana iya shiga ya sa sunan da ya ga dama. Akwai wata dubawar da ta fi wannan ƙarfi. Masu asusun OPay da PalmPay galibi lambar wayarsu ce lambar asusunsu, in an cire sifirin farko, don haka nakan shigar da lambar a manhajar bankina kamar zan tura kuɗi, in ga sunan da zai fito, in fita ba tare da na tura komai ba. A nan ma sunan ya fito cikakke, da sunan mahaifi. Mutane da yawa suna cewa ai tunda gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tun daga ƙarshen 2020, har aka toshe kiran layukan da ba a haɗa ba a watan Afrilun 2022, yanzu kowane layi yana da mai shi. Gaskiya ne, amma wannan rajistar tana hannun kamfanin waya da jami'an tsaro, ni ba na ganinta, kuma amfaninta yakan zo ne bayan abu ya riga ya faru. Ga shi kuma wayar da aka ƙwace jiya tana iya ci gaba da aika saƙo yau da sunan mai ita da hotonta.

Saboda wannan ne ba na karɓar aikin da aka ƙulla shi da rubutu kaɗai. Na ce mata ina son mu yi kiran bidiyo in ga fatar amarya, kuma wannan bukata ce ta gaskiya, domin haɗin dilkar da zan yi ya danganta da irin fatar, sannan baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rini yana sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburi, dole in tambaya ko ta taɓa yin sa lafiya. Ta ce sai ta je gidan da yamma. Da ta kira, na ga fuskarta, na ga amaryar tana ta sunkuyar da kai, na ga tsakar gida da yara suna wucewa, na ji wata tana ƙwala wa wani kira daga kicin. Duk da haka na san cewa namiji mai mugun nufi yana iya sa mace a gaba ta yi masa magana, don haka na roƙi a haɗa ni da mahaifiyarsu in gaishe ta. Na ce, “Hajiya, ina wuni, ya hidimar biki? Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu.” Ta amsa da sakin fuska, ta sa mini albarka, sannan ita ma ta juyo da tambayoyi kaina.

Hajiya ta tambaye ni 'yar wace unguwa ce ni, a hannun wa na koyi aiki, ina da aure ko babu, kuma su wa zan zo da su. Ban ji haushi ko kaɗan ba, hasali ma na ƙara ganin girmanta. Ɗakin amarya a makon biki yana cike da akwatunan lefe da gwala-gwalai da kuɗin gudummawa, kuma ni baƙuwa ce da za ta zauna a cikinsa tsawon yini, amarya kuma hannu da ƙafa a naɗe ba ta iya ko ɗaga waya. Yadda nake jin tsoron gidan da ban sani ba, haka gidan yake da haƙƙin jin tsorona. Na faɗa mata unguwarmu da sunan gwaggona, na ce sunan da ke kan asusun da zan turo shi ne sunana na yanka, kuma in tana so za ta iya kiran amaryar Hotoro ta ji yadda muka rabu. Na lura cewa duk gidan da aka bincike ni haka, aikinsa yakan zo da sauƙi, domin kowa ya riga ya san matsayin kowa.

Sai maganar kafin alƙalami. Ina karɓar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki kafin in tsayar da rana, kuma ina sharaɗin a turo shi ta banki, ba a aiko yaro da tsabar kuɗi ba, ba kuma a je wurin mai POS a turo ba. Kwastomomi suna ɗauka don kada su fasa ne bayan na sayi kaya, kuma akwai wannan, amma babban abin da nake nema shi ne sunan da zai fito a jikin alat, wato saƙon shigowar kuɗi. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar tantance masu asusu ta BVN a 2014, asusun banki yana ɗaure da hoton yatsu da fuskar mai shi, kuma a ƙarshen 2023 bankin ya wajabta cewa ƙananan asusun da ake buɗewa ta waya su ma sai an haɗa su da BVN ko NIN. Wanda ya turo mini kuɗi daga asusunsa ya bar sawun da ba zai iya gogewa ba, kuma mai shirin cuta ya san haka, shi ya sa yakan fara kawo uzuri a daidai wannan gaɓa, ya ce manhajarsa ta lalace ko ya ce zai ba ni duka in na iso.

Kuɗin ya shigo a daren, amma da sunan namiji. Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa a kansa, domin duk abin da na tara zuwa lokacin a kan sunan mace yake, ga kuma wani suna ya shigo da ban san shi ba. Ban yanke hukunci ba, saboda a gidajenmu abu ne da aka saba miji ko wa ko ƙane ya biya irin wannan kuɗi, amma ban kuma yi shiru don kunya ba. Kunya ita ce babbar matsalar masu sana'armu. Mace takan ji nauyin ta tambayi wadda za ta ba ta kuɗi, kada a ce ta zargi mutanen kirki, sai ta haɗiye tambayar ta hau adaidaita da ita a ciki. Na rubuta mata cewa, “Anti, na ga saƙo, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai na ga sunan namiji ne, ina so in rubuta a littafina daidai, wane ne shi a wurinku?” Ta ce yayansu ne, shi ya ɗauki nauyin gyaran jikin. Na duba, sunan mahaifin da ke jikin alat ɗin shi ne wanda ya fito a asusunta lokacin da na gwada lambarta. Na kuma roƙe ta ta turo mini katin gayyata, na ce ina so in san ranakun kada in yi musu karo da wani aiki. A jikin katin na ga sunan iyalan gidan, wanda ya zo ɗaya da sunayen biyu, na ga sunan amarya kamar yadda aka kira ta a bidiyo, na ga masallacin da za a ɗaura aure da lokacin.

Katin gayyata abu ne da kowane yaro mai waya zai iya haɗawa cikin ɗan lokaci, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Amfaninsa shi ne yana ambaton abubuwan da ke ƙasa, waɗanda za a iya zuwa a tambaya: masallaci, da sunan maigida, da rana. Na nemi ta turo mini alamar wurin a taswirar waya, sannan a wani lokaci dabam na ce ta yi mini kwatance da baki, daga bakin titi har ƙofar gida, na gwada biyun na ga sun haɗu. Daga nan aikin ya bar waya ya koma hannun mutane. Akwai wata yarinya da ta koyi ƙunshi a wurina, tana aure a Rijiyar Zaki, mijinta kuma yana sayar da kayan gini a wannan yankin, kuma mai sayar da siminti a sabuwar unguwa ya fi kowa sanin wa ya gina ina. Maigidana ya kira shi ya ba shi sunan Alhajin da kwatancen. Washegari ya dawo da amsa cewa gidan sananne ne, Alhajin yana salla a masallacin layin, mai shagon kusa da su ya ce ana ta shigar da buhunan shinkafa da itace, kuma an sanar da ɗaurin auren. Biki ba ya ɓuya a unguwa, ko da masu unguwar ba su san juna sosai ba. Da ba a samu wanda ya san gidan ba, da mai unguwa za mu nema, domin har a sabbin wurare akwai shi, kuma yawanci da saninsa ake cinikin filaye.

Wannan amsa ita ce ta sa na tsayar da rana. Duk abin da waya ta nuna mini suna ne da hoto, kuma suna da hoto ana iya aro ko sata. Abin da ya fi wuyar ƙirƙira shi ne jerin mutanen da suka san juna, waɗanda kowannensu yana da fuskar da zai ji kunya in abu ya lalace: amaryar Hotoro ta san yayar, yayar ta nuna uwar, sunan wan ya haɗu da na uban, mai siminti ya san ƙofar gidan. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa wa sauran, ba na neman wa kwastoma uzuri a zuciyata, tambayarta nake yi, in amsar ba ta zauna ba in mayar mata da kuɗinta.

Wasu abokan sana'ata sun koma neman a turo musu hoton katin ɗan ƙasa ko katin zaɓe kafin su fita. Na fahimci dalilinsu, amma ni ban bi wannan hanya ba. Hoton kati ana iya sauya sunansa da fuskarsa a waya, ni kuma ba ni da hanyar da zan gwada shi da rumbun hukumar NIMC mai ba da katin ɗan ƙasa, don haka zai ba ni natsuwar da ba ta da tushe. Sannan lambar NIN mai alƙaluma 11 ba abin yawo ba ce, da ita ake buɗe asusu a yi rajistar layi, kuma mace mai hankali tana da gaskiya in ta ƙi tura ta ga mai lallen da ta gani a intanet. Ƙasar nan ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma ko ba doka, ba na son in tara katunan mutane a wayar da za a iya fizge ta a hannuna a bakin titi. Inda nake tsanantawa fiye da haka shi ne idan aka ce in zo otal ko gidan haya na kwanaki, kamar yadda masu zuwa biki daga Abuja ko Kaduna sukan nema. A nan babu maƙwabci, babu mai unguwa, babu uwar da za a gaisar. Nakan nemi sunan da aka kama ɗakin da shi, in kira wurin da lambar da na samo da kaina, ba wadda aka turo mini ba, in ce mai aikin ta sauko ta same ni a wurin karɓar baƙi, kuma da rana. Idan aka ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, nakan ce su zo gidana a yi musu.

Ranar farko ta aikin na fita da hantsi tare da ɗaya daga cikin yaran da ke koyo a wurina, domin ba na shiga sabon gida ni kaɗai ko da binciken ya yi kyau. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ce abin hawanmu, kuma ina da direba ɗaya ɗan unguwarmu da maigidana ya san gidansu, shi nake ɗauka shata zuwa duk wurin da ban taɓa zuwa ba. Dokar da gwamnati ta sa a 2022 ta hana adaidaita yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ta koya wa da yawa daga cikinmu tsara aiki yadda za a gama da wuri, ni kuwa a sabon gida ƙa'idata ita ce in fito kafin magariba, ko da za a ƙarasa washegari. Kafin mu tashi na tura wa maigidana da ƙanwata sunan gidan da lambar yayar amarya da hoton alat ɗin, na kunna musu abin nan na WhatsApp da ke nuna inda mutum yake kai tsaye, na zaɓi na awa 8, wanda shi ne mafi tsawo. Ni da ƙanwata muna da wata magana da muka ajiye, wadda in na faɗe ta a waya mai sauraro zai ɗauka zancen gida ne, ita kuwa ta san ma'anarta a zo a ɗauke ni yanzu. Lambar gaggawa ta 112 ma tana cikin waɗanda na adana a gaba-gaba.

Da muka isa, kwatancen ya kai mu ƙofar ba tare da mun tambayi kowa ba. Wani saurayi ne ya buɗe, ya ce mu shigo suna ciki. Na gaishe shi, na ce ya yi mana magana da Anti ta fito, na kuma ce wa direban kada ya tafi tukuna. Wannan tsayuwar ta minti biyu a bakin ƙofa ita ce matakin ƙarshe, kuma ita ce aka fi saurin zubarwa, saboda an gaji da rana kuma ana ganin an riga an gama bincike. Ta fito da mayafi a kafaɗa, fuskar da na gani a bidiyo ce, tana cewa, “Sannunku da hanya, ai da kun shigo kawai.” Na ce mata haka nake yi a ko'ina, ta ce hakan ya yi kyau. Ta bayanta na hango takalman mata a ƙofar falo da manyan tukwane a tsakar gida. Sai a lokacin na sallami direban, na gaya masa lokacin da zai dawo, muka shiga na fara zuwa ɗakin Hajiya na durƙusa na gaishe ta kafin in buɗe jakar kaya.

Ko bayan na saba da gidan a kwanakin dilka, ban daina zuwa da yarinyar ba, ban kuma daina kunna wa maigidana inda nake ba. Duk Bakano yana tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a ƙarshen 2021, wadda daga baya aka gano cewa mai makarantarsu ne ya ɗauke ta ya kashe ta, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Iyayenta sun san sunansa da fuskarsa da wurin aikinsa. Bincike yana gaya mini ko wane ne mutum da inda za a same shi, kuma wannan yana korar mafi yawan masu mugun nufi, domin sun fi son wadda ba ta san su ba, amma ba ya nuna mini abin da ke zuciyar kowa. Gidan biki kuma yana cike da baƙi masu shiga da fita waɗanda ban binciki ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa jakata da wayata ba sa barin gefena, kuma ba na bin kowa zuwa wani ɗaki ko wani gida da ba a yi maganarsa tun farko ba.

Ranar da aka gama ƙunshi, yayan nasu ya turo cikon kuɗin daga asusun nan dai na farko. Ban tsaya a kan saƙon da ya shigo waya ba, domin alat na bogi ya yi yawa kuma ana iya turo rubutu mai kama da na banki, sai da na buɗe manhaja na ga kuɗin ya hau kan abin da ke ciki, sannan na yi musu godiya da fatan Allah ya ba da zaman lafiya. Da na koma gida na rubuta a littafina sunan gidan da unguwar, da wadda ta haɗa mu, da wanda ya biya, da wanda ya duba mana ƙofar. Hoton katin gayyata da taswirar gidan kuwa na goge su daga wayata, kuma hoton hannun amarya ban sa shi a Instagram ba sai da na nemi izininta, na kuma yanke shi yadda ba a ganin fuskarta ko cikin ɗakin. Bayan wasu watanni wata 'yar'uwar Hajiya da ke Kabuga ta kira ni don bikin 'yarta. Na kira Hajiya na tabbatar da ita da gidanta, wanda ya rage mini neman mai duba unguwa, amma kiran bidiyo da kafin alƙalami ta banki da 'yar rakiya duk na yi su kamar yadda na yi a Danbare.